Ranar da Aka Tada Inna Daga Bencin Gaba

Ɗan ƙanwar uwata ne ya sa aka tada mahaifiyata daga bencin gaba na majami'a, a gaban jama'a, ina tsaye riƙe da sandarta. Shi ne fastonmu yanzu. Ranar buɗe sabon gini ce a unguwar Zariya, nan Maraɗi, an gayyato manya daga Yamai. Na zaunar da ita ke nan sai wani mai tsaron ƙofa ya sunkuyo ya ce mu koma baya, gaban na baƙi ne. Inna ta yi masa murmushi, don ba ta ji ba. Kunnenta ɗaya ya mutu tuntuni, ɗayan kuma amsa-kuwwa ba ya kai masa komai sai ƙugi. Bakin mai magana take kallo ta tsinci kalmomi, shi ya sa take zama gaba. Na dubi fasto. Ya kau da kai yana gyara takardunsa.

Tun daga ranar bencin bai dawo ba, an jera kujeru masu laushi a wurinsa. Inna tana can baya wajen ƙofa, tana cewa amin inda ba a ce ba, 'yan mata suna ƙunshe dariya. In na ɗauko ta bisa babur za mu gida, sai ta matso da bakinta kunnena ta ce, "Mi aka ce yau?"

Ni ba mai ilimi ba ne. Aji huɗu na yi a lakwal, makarantar boko, aka ce in kama gona, yau kabu-kabu nake yi, kuma an sha gaya mini bakina ba shi da daɗi. Amma na ga abin da ake kira shugaba da idona, kuma shi zan ba ku labari.

Kakana, mahaifin Inna, mutumin Tibiri ne. Kuturta ta kama shi yana saurayi, aka yi masa bukka a bayan gari. Da ƙafa ya tafi asibitin kutare da ke wajen Jiratawa. Can ya warke, can ya karɓi addinin Almasihu, can kuma ya zauna har mutuwa. Ciwon ya bar masa yatsu biyu da rabi a hannun dama, na hagu kuwa dungulmi ne. Shi ne shugaban 'yar ikilisiyarmu, ɗakin laka mai rufin kara, kuma yawancin masu zuwa irinsa ne, waɗanda suka warke amma gida bai karɓe su ba.

Akwai abin da mutane ba su sani ba game da wannan ciwo. Ko ya tafi, yakan tafi da jin ƙafa. Mutum zai taka ƙaya ya wuni da ita yana noma bai sani ba, sai ta ruɓe ta ci masa yatsa. Saboda haka kowace Lahadi da sassafe Inna takan dafa ruwa, kaka ya zauna a ƙasa bakin ƙofar majami'a da ƙatuwar tasa, da sabulun salo, da man kaɗe cikin gwangwani. Duk wanda ya zo sai ya miƙo ƙafa. Ya wanke, ya juya tafin, ya kusanto da ido kamar mai karatu. In ya ga ƙaya, ya matse hantsaki tsakanin babban yatsa da dungulmin nan ya zare ta. Da damina lakar fadama yake kankarewa. Bayan girbi kututturen gero ne ke huda mutane. Da bazara kuwa rairayi ke ƙona su har fata ta tashi, su ba labari. Har yau in na wuce masu man kaɗe a Sabon Gari, ƙamshin nan ya buge ni, sai in ga ƙeyarsa a sunkuye.

Ba a fara sujada sai ya gama ƙafar ƙarshe. Wasu kan yi gunaguni rana ta ɗaga. Wata rana wani dattijo ya ce masa bai dace shugaba ya riƙa zama cikin ruwan dauɗa ba, a ba wani. Kaka bai ko ɗago ba. Ya ce, "Wanda muke bi ya yi aikin ga da yatsu goma lafiyayyu. Ni mai biyu da rabi, mi zan tsare? Miƙo ɗayar."

Akwai wani maƙwabcinmu Musulmi, shi ma ya warke daga ciwon. Yakan zo a duba masa ƙafa, su yi ta tsiya da kaka kan wa ya fi wani muni, in an fara waƙa ya ɗauki takalmansa ya tafi. Ban taɓa jin kaka ya ce masa shigo ba.

Wata shekara da damina wani babban fasto ya zo daga birni duba ikilisiyoyin ƙauye. Motarsu ta maƙale, ya iso takalmansa duk caɓi. Ya ga tsoho zaune da tasa, sai ya tuɓe ya tura masa, ya ce, "Baba, goge mini waɗannan, sannan ka kira mini shugabanku." Kaka ya goge su tas, ya jera masa. Ya ce, "Shiga ka zauna, ranka ya daɗe. Shina zuwa, sai ya wanke hannu." Da aka natsu, ya shigo yana share hannu da bakin rigarsa, ya tsaya gaba ya ce mu yi addu'a. Baƙon nan ya rasa inda zai sa fuskarsa. Bayan an tashi ya zo zai durƙusa, kaka ya riƙe shi ya ce, "A'a, gwiwar wandonka za ta ɓaci, kuma ni zan goge." Ko a gida bai ƙara tada maganar ba.

Fastonmu na yau yana wurin ranar nan, a bayan Inna yake, goye. Uwarsa ta rasu yana wata biyar, Inna ta ɗauke shi ta shayar da shi tare da ƙanwata. Tabarma ɗaya muka kwana. Shi ya ci gaba da lakwal har Yamai, ni na tsaya. Ba zan yi ƙarya ba, abin ya daɗe yana cina. Amma ranar da aka naɗa shi na yi kuka don murna, na ce jinin kaka ya koma gaba.

Ba na ƙin sabon ginin. Ruwa ba ya zubo mana, akwai fanka, akwai fitilu. Ciwon kuturtar ma ya yi sauƙi a ƙasa, ba mai buƙatar tasa a bakin ƙofa. Sai dai yanzu in fasto zai shigo, wani ke riƙe masa jaka, kowa ya miƙe tsaye. Ni kuma in tsaya ina neman wanda zai sunkuya, ban gani ba.

Inna ta hana ni magana. Ta ce, "Ƙyale shi, yaro ne, abubuwa sun yi mishi yawa." Yaro mai furfura a gemu! Na ƙyale. Sai Lahadin da ta wuce na je ɗaukarta, na tarar ba ta yi shiri ba, tana zaune tana tsince wake. Ta ce, "Je ka kai kaɗai, ka zo ka ba ni labari. Ba abin da nike ɗaukowa can." Matar da tun ina yaro ko zazzaɓi bai taɓa hana ta sujada ba.

Ran Litinin na ajiye babur ƙofar biron fasto, wato ofishinsa. Wata ma'aikaciyarsa ta tare ni ta ce sai da alƙawari ake ganinsa. Na ce alƙawarinmu ya girme ta, na tura ƙofa. Ya miƙe yana cewa, "Yaya, lafiya? In maganar kujeru ce, ba ni kaɗai ba ne, dattawa suka tsara. Manyan da ke zama bisansu suna taimakon aikin Ubangiji, ka gane..."

Na ce, "Ban gane ba, ƙanena, kai ne mai karatu. Ban zo neman kujera ba, ku riƙe abinku. Ran Lahadi zan kawo ta. Zan shimfiɗa mata tabarma a ƙasa, dab da inda kake tsayawa. In ka ga ta ɓata maka tsari, kada ka aiko kowa. Ka sauko da ƙafarka, ka durƙusa inda take, ka ce, Inna tashi. Kuma ka faɗa a hankali, fuskarka kusa da tata, don sai ta ga bakinka take ji."