Tatsuniyar da Inna Ta Yi wa Bayan Baffa

Ban taɓa jin Inna ta kira sunan mahaifina ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma a gidanmu, can gefen Tamawa, uwa ba ta kallon ɗan fari ido da ido, balle ta yi masa magana. In za ta ba shi fura sai ta ce da ni, “Ke Hansatu, kai wa wancan.” Mutane na cewa kunya ce mai kyau. Ni dai na ga abin da ta jawo mana.

Bayan sallar magariba Inna kan hura wuta a bakin garke don hayaƙi ya kori ƙudan shanu, mu jikoki mu kewaye ta. Warin kashin shanu, ƙamshin madara a ƙwarya, ita kuma tana kaɗa auduga tana zuba mana tatsuniya har barci ya kwashe ƙananan. Haka muka saba har shekarar da Baffa, mahaifin nawa, ya sayar da bijimi a kasuwar Dutsin-Ma ya dawo da garmaho. Akwati ne da ake wana masa hannu, a ɗora faifai ya yi ta waƙa. Samarin unguwa suka koma ƙofar Baffa, mu ma rabin hankalinmu yana can.

A shekarar ce kuma malaman dabbobi suka sauka Kurfi suna yi wa shanu allurar bushiya, cutar da kan share garke. Duk saniyar da aka yi wa sai a tsaga mata kunne don shaida. Baffa ya ce atafau. A ganinsa dabara ce ta ƙirga shanu don a ƙara jangali, kuma shi ba mai ɓata kunnen saniyar da ya gada. Ya yanke shawarar kora shanunsa wani kwari ta wajen Kutawa har malaman su tashi.

Inna ta san bushiya, cutar ta cinye garken ubanta tun tana yarinya. Daren da za a kora shanun, ta ja tabarmarta kusa da inda Baffa ke zaune ya ba mu baya, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

“Ga wata nan ta iso, ku buɗe kunne. Har da masu manyan kunnuwa.”

Ta ce wani makiyayi ne ya gamu da tsohuwa a bakin rafi riƙe da gora biyu. Ɗaya in an buɗe ta sai waƙa, ɗaya kuma cizo take yi. Tsohuwa ta ce duk dabbar da gorar nan ta ciza, Dodo in ya shinshina ta sai ya wuce. Makiyayi ya ce shi ba ya sayen cizo, ya ɗauki mai waƙa. Da Dodo ya shigo garke, gora tana ta rera waƙa, har makiyayi bai ji kukan shanunsa ba. Gari ya waye, sai igiyoyi a turke.

“Inna, to mi ya hana shi ɗaukar duka biyun?” in ji ni.

“Tambayi masu rawani, ’yar nema. Ni tsohuwa ce, kaɗi na sani.”

Baffa bai juyo ba. Ya dai ɗora wani faifan. Da asuba aka kora shanu.

Ba su yi wata a kwarin ba suka fara hawaye. Baki ya yi gyambo, yawu na dalala, sai zawo mai wari. Na ga Baffa yana ɗura wa Goje, saniyar da ya fi so, jiƙon sassaƙe, tana maido shi ta hanci. Wadda aka samu aka yanka, ba mai son naman. Ungulaye suka ƙoshi har suka daina tashi in mutum ya matso. Maƙwabcinmu Malam Jibo, wanda aka yi ta yi wa dariyar shanu masu yagaggen kunne, ko maraƙi bai rasa ba. Mu muka dawo da karsana biyu. Ba a ƙara hura wuta a bakin garke ba, don ba garken.

Da na shiga sakandare a Katsina, na zo hutu na tsare Inna. Na ce, “Kin san abin da zai faru. Mi ya sa ba ki hwaɗa masa ba?”

“Na hwaɗa mana. Ba kina wurin ba?”

“Tatsuniya kika yi!”

“Ke, bokon nan ya cinye miki kunya. Ni in tsaya gaban wancan in ce yi kaza? Da wane bakin?”

Na daɗe ina ɗauka darasin tatsuniyar shi ne mutum ya san sabon abin da zai karɓa da wanda zai bari. Gaskiya ne, har yau ina ganin masu rungumar abin da ke ƙara, suna gudun abin da ke ciwo. Amma wannan bai ishe ni ba, sai na je na sami Baffa, lokacin ya koma kiwon shanun wani Alhaji ana ba shi hatsi. Na tambaye shi ko ya gane da wa Inna take a daren nan.

Ya daɗe yana murza igiya a cinyarsa kafin ya ce, “Tun daga gorar farko na gane. Amma tatsuniya ta yara ce, Hansatu. Da ta ce mini kai su Kurfi, ko sau ɗaya, wallahi da na kai su. Uwata ce.”

A daren tatsuniyar, taku kaɗan ne tsakanin tabarmarta da tasa.