Noy Ponso Mai Nutso Don Matattu

A kasuwar garin Carcar ana ta yaɗawa wai Noy Ponso mai gasa alade ya fara fitar da ɓawon kifi a gadon baya, don an yi masa baftisma sau dubu. Ƙarya ce. Sau goma sha tara ne kacal, bayan nasa kuwa ƙurajen zafi ne.

Ponso fa tun yana yaro ko kwata ya gani sai ya kewaye, tsabar tsoron ruwa. Da furfurarsa ya shiga cocin Mormon, aka ce masa mai rai yana iya shiga ruwan baftisma a madadin mamaci, mamacin ya karɓa ko ya ƙi. Nan ya tuna mahaifinsa, wanda ya mutu suna gaba. Sai ya riƙa hawa bas zuwa haikalinsu da ke birnin Cebu, yana nutso yana addu'a, a madadin kakanninsa ɗaya bayan ɗaya, har ya samu ƙarfin halin ba da sunan mahaifin nasa.

Nang Pasing, 'yar kawunsa, 'yar Katolika ta gidi, ta tare shi a rumfa.

"Noy, aya ɗaya tak fa kake da ita a Littafi Mai Tsarki, cikin Korintiyawa, ita ma malamai faɗa suke a kanta! Kan wannan za ka nutse?"

Ponso ya juya aladensa.

"Ke da kike kai wa kabarin babana wainar shinkafa duk Nuwamba ranar tuna matattu, ki zauna ki cinye abarki, taki ayar tana ina? Ni dai ban taɓa shanye ruwan ba."