Modu Bai Fito Daga Kogon Ba

Jama'a, wallahi abin nan da idona na gan shi, kuma har yau ban samu mai yi mini bayani ba.

Lokacin da haƙar zinare ta ɓarke wajajen Abare ina da shagon cajin waya a Anka, da wata tsohuwar kwamfuta mai ɗauke da wani daɗaɗɗen wasa, irin wanda za ka ƙera mutum ka raɗa masa suna ka yi ta yawo da shi gari-gari kana zaɓar masa amsa. Hoton ma dishi-dishi, amma in ka zauna sai ka manta da tuwo.

Akwai Modu, wani Babarbare mai haƙa, duk ranar kasuwa sai ya zo da ƙurar rami a jiki ya zauna gaban kwamfutar. Ni kuwa Innata Bafillata ce, don haka kullum cikin tsiya muke. Bawan Allah sunansa na gaskiya ya sa wa mutumin nasa na cikin wasan, har da na ubansa.

Wata rana wasan ya kai shi bakin wani kogo, aka tambaye shi ya shiga ko ya koma gida. Ya ce gida za shi. Na ce, "Haba matsoraci, mi kake tsoro? Shiga mana!" Ya shiga, ya adana wasan, ya ce kar in taɓa, shi zai fitar da kansa.

Kwana uku tsakani rami ya rufta da shi. Ko gawa ba a samu ba.

Bayan sadakar arba'in na kunna kwamfutar, wadda tun rasuwar take kulle a akwati. Innalillahi. Mutumin ba ya inda Modu ya bar shi, ya yi nisa can ciki, ƙofar kuma babu ita. Na kai kwamfutar Gummi wani mai gyara ya goge komai tas, na dawo, ga sunan Modu nan. Sai na ɗauki alkawari ni zan fitar da shi, tunda bakina ya shigar da shi.

Na yi shekara biyu ina lalube. Ran nan bayan azahar na hango hasken ƙofa, sai amsoshi suka fito kamar kullum da Turanci, amma ta ƙarshe da Hausa take: "Kai ka ce in shiga."

Nan take janareta ya mutu. Da na tayar, mutumin ya koma can ƙuryar kogon.

Har gobe ina zama gaban kwamfutar, ana dariya wai tsoho da wasan yara. Ku dai kar ku sa sunanku a abin da ba ku san ƙarshensa ba, kuma kar ku zuga mutum ya shiga inda zuciyarsa ta ƙi. Wanda ya karanta ya yi wa Modu addu'a.