Kan Tsohon da Farfesa Ya Fasa

Har yau ina iya nuna inda nake tsaye a ranar. Ƙofar Masallacin Huaisheng ce, a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, an idar da Juma'a, ina neman takalmina. Alhaji Mamman, wani ɗan kasuwa daga Maraɗi, ya dafa kafaɗata ya ce, "Hamisu, mutuminka na gumaka, Allah Ya yi masa cikawa." Wani baƙo da ya sauka daga gida a makon ne ya zo da labarin. Na yi salati. Ban san wanda ya miƙo mini takalmin ba.

Ku da kuka shigo aikin tura kaya daga baya ba ku san Farfesa Garba ba. A ƙarshen shekarun casa'in ne, lokacin Hausawan Guangzhou ba mu da yawa. Aikina a ofishinmu na unguwar Xiaobei shi ne in bi kaya daga masana'anta zuwa sito, in ga an ɗaure su, in tsaya gaban kwastam har a rufe kwantena.

Farfesa malamin jami'a ne, fanninsa kayan tarihin Girkawa da Rumawa. Ya yi karatu a ƙasashensu, ya yi tonon kufai a Arewacin Afirka har rana ta ƙona masa wuya. Da ya koma gida sai ya shekara da shekaru yana koyarwa da hotunan littafi. Wannan ne ke damunsa. Yakan ce, "Yaro ba ya sanin tulu sai ya ɗaga shi." Da ya ji ana zuba kwafin irin waɗannan kaya a wata masana'anta bayan garin Guangzhou, sai ya ɗauki hutu ya taho, don ya buɗe wa ɗalibansa ɗakin da za su taɓa da hannu.

Ranar da na fara kai shi wurin, dattijo mai furfura ya koma kamar ɗan makaranta. Yana tafe yana shafa kaya yana yi mini bayani. Ya zaɓi tuluna masu zanen 'yan tsere, da fitilun yumɓu, da kan wani tsoho mai gemu wanda ya fi so. Ya ce, "Dubi goshin nan, Hamisu. Wanda ya sassaƙa shi ya san yadda tunani ke tsufar da mutum."

Da yamma a wurin shan shayi Alhaji Mamman ya sa shi gaba.

"Malam, kowa na kai atamfa da rediyo, kai gumaka za ka kai wa Musulmi?"

"Alhaji, ba sujada za a yi musu ba, jarrabawa za a yi a kansu."

"To ai wannan ta fi sujada wuya."

Kayan suka iso sito a ɗaure, washegari za a rufe kwantena. Da na buɗe akwatin farko sai na ga abin da ba mu bari ba. Kayan da muka zaɓa sababbi fes sun dawo da tsatsa, da ƙasa a lungu, wasu har da 'yar tsaga. Na kira laoban, wato mai masana'antar. Yana ta murna a waya. Ashe a sana'arsu, in baƙo babba ne, ba a ba shi kaya da sabuntarsu. Sai an jiƙa su a ruwan shayi, an binne su a ƙasa, an goge. Girmamawa ce ya yi wa Farfesa.

Ga dokar kuma: duk abin da ya yi kama da kayan tarihi ba ya fita daga ƙasar sai masana sun duba shi, wannan kuwa yakan ɗauki makonni. Jirgi ba ya jira. Hutun Farfesa ya ƙare, ɗalibai na komawa.

Jami'ar kwastam da ta zo duba kaya mace ce mai ɗan shekaru, ba ta da yawan magana. Ta ɗaga fitila ɗaya, ta shinshina, ta ajiye. Na ce kwafi ne. Ta nemi shaidar masana. Na ce, "Meyo." Babu. Ta fara rufe alƙalaminta.

Farfesa kuwa fuskarsa cike da fara'a. Ya ce, "Faɗa mata, rayuwata duka ina tabbatar wa mutane abu tsoho ne. Yau zan tabbatar sabo ne." Ya naɗe hannun riga. Ya nuna mata layin da mazubi ya bari a gefen tulu. Ya jera fitilu uku, duka tabonsu a wuri ɗaya, ya ce hannun mutum ba ya maimaita kuskure haka. Ya jiƙa farin hankicinsa ya goga, launin shayi ya fito. Ni ina fassara da guntun Sinancina, ba na ko cim masa. Leburorin sito suka bar aiki suka kewaye mu.

Jami'ar ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce masu fasa-ƙwauri ma haka suke yi, su cakuɗa na gaske ɗaya cikin na jabu. Ta bi akwatunan da ido, ta nuna kan tsohon nan. Shi ya fi kama da na gaske. Ta ce wannan zai tsaya, kuma in ya tsaya akwatunan duka sun tsaya, don takardarsu ɗaya.

Farfesa ya ɗauki kan. Ya share goshin da tafin hannu. Ya ce da ni, "Ara mini gudumar can."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ne fa naka."

Ya ce, "Na yara sun fi yawa."

Bugu ɗaya ya yi. Kan ya rabe, ciki fari fat, filasta ce da waya da guntun buhu, har da rubutun Sinanci a jikin buhun. Wani lebura ya karanta da ƙarfi: buhun takin zamani ne. Sito ya kaure da dariya, har jami'ar ta rufe baki da hannu. Ta buga hatimi. Farfesa ya riƙe hannuna yana girgizawa, yana cewa, "Ka gani? Darasi mafi kyau da na taɓa yi, kuma ba ɗalibina ko ɗaya a wurin."

Tun daga ranar ba na barin kayan mutum su taso daga masana'anta sai na tambayi me mai su yake nufi da "mai kyau". Kuma na daina raina kayan da ba na sayarwa ba ne, don na ga abin da mai su zai iya bayarwa a kansu.

Laoban ya ji kunya, ya ce zai sake zuba wani kan in aika. Farfesa ya hana. Ya ce zai dawo da kansa ya tsaya a kan aikin, kada a sake yi masa girmamawa. Na ji kayan sun isa lafiya, ya buɗe ɗakin, ɗalibai sun ɗaga tulunan. Ya bar wa kan tsohon wuri a tsakiyar kantar ɗakin. Ba a sake zuba kan ba.