Sofronis Mai Banki

Shekara talatin da biyu Sofronis yana gasa nama a gidajen biki a tsibirin Kubrus, kuma bai taɓa barin wurin biki ba sai ya liƙa wa amarya kuɗi a riga. Mutum ne mai son a gan shi. Ko lemon tsami zai matsa a kan nama, sai ya ɗaga hannu yadda na ƙarshen layi ma zai shaida.

Burinsa ɗaya ne, ya gina wa 'yarsa Theodoula gida. A ƙauyensu, uban da ya aurar da 'ya babu gida ya shirya shan baƙar magana har ya mutu.

Ranar bikinta mutum dubu biyu suka zo ramawa, har rigar amarya ta ɓace cikin takardun Yuro. Matarsa Evdokia ta ce a raba kuɗin ginin biyu, rabi a asusun yarinya, rabi a nasu.

"Haba Evdokia, a raba kamar gado? Bari su zauna wuri ɗaya."

Gaskiyar magana, lamba mai tsawo yake so ya nuna a shagon kofi. Ya haɗa kuɗin bikin da tarinsa na shekaru a asusu ɗaya, dubu ɗari da tamanin cif, ya yi ta nunawa har takardar bankin ta yi maiƙo.

Ba a yi mako ba aka rufe bankuna. Bashi ya ci su, ƙasashen Yuro kuma suka ce ba za su agaza ba sai masu ajiya sun ɗauki nasu kason asarar. Gwamnati ta yanke hukunci: dubu ɗari na farko ba mai taɓawa, abin da ya haura a ɗebi kusan rabi a ba mai shi hannun jarin bankin, saura a kulle. Da ya ji maganar Evdokia, ko ƙwandala ba za ta yi ciwon kai ba. Ita kuwa ta ci gaba da harkokinta kamar ba a yi ba, abin da ya fi ci masa rai ke nan.

Abin da ya rage ya sayi fili, ya ta da bango, ya ƙare.

"Ga mai banki nan!" in ji abokansa a shago. "Ranka ya daɗe, a ɗan ba mu rance mana."

Yakan taya su dariya, amma kunya kamar ta kashe shi.

Wata Asabar ya ɗauki katifarsu ya kai ɗakin da yake ajiye gawayi a bayan gidansu, Evdokia na biye da tukwane, sannan ya miƙa wa Theodoula makullin gidan.

"Baba, don Allah ka bari. Za mu kama haya."

"Haya? 'Yar Sofronis? Gida na ce zan ba ki, ga gida."

Washegari da safe ya nufi cikin gidan neman kofi. Ya kai hannu zai tura ƙofar da ya shekara arba'in yana turawa, sai ya tuna. Ya tsaya ya ƙwanƙwasa.