Ranar da Likita Ta Wanke Malam Haruna

Ku matso kusa, jikokina, ku ba ni kunnuwanku.

Gonin Gora

Ana idar da sallar asuba muka fito za mu asibiti, ni da kakanku Malam Haruna da babanku Sani. Tun da hawan jini ya kayar da Malam, ya ce duniya ta yi masa duhu. Amma sai ka ga ya sunkuya wa igiyar shanya, ya kewaye bokiti a tsakar gida. Unguwa ta ɗauka wai makantar ƙarya ce. Har Sani ya fara shakka. Malam ya daina zuwa masallaci don kunya.

Kakuri

Bas ta sauke mu gaban tsohuwar masaƙa, inda Malam ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Muka karya da koko da ƙosai, muka tare wani mai keke, Bulus. Wajen hawa, Malam ya kauce wa kwata.

"Baba, kai da aka ce ba ka gani?" in ji Bulus.

"Wallahi ban ga komai ba, ɗana."

Sani ya kau da kai.

Asibiti

Muka haye gada da hantsi. Likitar ta duba hoton kan Malam, ta jera kujeru a baranda, ta ce ya taka ba sanda. Ya wuce su duka, bai taɓa ko ɗaya ba.

"To kin gani, likita," in ji Sani.

Ta dunƙule takarda ta wurga wa Sani. Ya goce.

"Me na jefo maka?"

"Ban ma lura ba."

"To wa ya ce ka goce? Ido ba hanya ɗaya yake bi zuwa ƙwaƙwalwa ba. Akwai babban titi, shi ke sa ka san ka gani. Akwai ta bayan gari, mai kai wa jiki saƙo ba da saninka ba. Kowa yana da ita, har kai. Babban titin Baba ne ya toshe. Gaskiya yake faɗa."

Sani ya durƙusa a nan barandar. "Baba, ka yafe mini."

Gida

Mun iso kafin la'asar. Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa yarinyar nan, likitar, da alheri.

Bulus na nan Kakuri, in ya hango ni ya tsaya mu gaisa. Sani ya bi majalisar unguwa yana jifan mutane da takarda. Ni ban sake kwance igiyar shanyata ba. Malam kuwa ganinsa bai dawo ba har Allah ya karɓi abinsa, amma a sahun gaba ya yi sallar magaribar ranar.