Gyaran da Ba a Roƙe Ni Ba

Kafin in fara, ya dace in bayyana abin da na dogara da shi. Kwafin hukuncin kotu yana hannuna. Akwai kuma wasiƙu uku da wata jami'ar ƙasar waje ta aiko wa saurayin da zan kira Lawali, wanda ba sunansa ba ne. Shi ya ba ni hotonsu, kuma da izininsa nake ambatonsu. Sauran duk daga ƙwaƙwalwata ne da abin da Inna ta tuna mini. Ban sa kwanan wata ba, domin kwamfutata da wayata suna hannun hukuma har yau, kuma sau biyu na gwada lissafina da na Inna na tarar sun saɓa. Maganganun da na sa a bakin mutane ma'anarsu na riƙe, ba lafazinsu ba, in ban da magana ɗaya ta Malam, mahaifin Lawali, wadda nake da tabbacin kowace kalma tata.

A Anka aka haife ni. Mahaifina akawu ne a ƙaramar hukuma, ya rasu ina aji biyu na sakandare. Inna ce ta riƙe mu da sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ban taɓa ganin ta sallami mai saye ba tare da ta ƙara masa gyara ba, wato ɗan ƙarin nan da mai sayarwa ke ɗorawa kyauta bayan an gama awo. Na yi karatu har na samu digiri, na yi bautar ƙasa, na dawo gida. A unguwarmu an san ni da tsanani a kan rubutu. Idan aka kawo mini katin ɗaurin aure, kafin in duba ranar sai na fara nuna inda aka bar harafi.

Ni ma na nemi tafiya waje karatu. Na cike komai, sai aka dawo mini da takarduna saboda sunana ya zo iri uku: a shaidar haihuwa da sunan mahaifina, a takardar sakandare da sunan garinmu, a ta jami'a kuma da duka biyun amma a juye. Mu a nan wannan ba komai ba ne, kowa ya san ɗan wane ne kai. Su can mutum uku suka gani. Hanyar da ta halatta ita ce in yi rantsuwa a kotu, in buga sanarwa a jarida. Na yi duka, amma kafin in kammala an rufe karɓar takardu. Ba don in wanke kaina na faɗi wannan ba. Na faɗa ne domin a san daga inda na ɗauko ra'ayin cewa ƙa'idojin nan cin zali ne, kuma wanda ya kewaye su bai yi laifi ba.

Na buɗe ɗan shagon buga takardu kusa da tasha. Da yake na san hanyar neman gurbin karatu a waje, matasa suka fara zuwa daga Anka, da Bukkuyum, har da Gummi, in cike musu fom, in tsara musu wasiƙar bayyana manufa, in buɗe musu adireshin imel. Shekara guda na yi ina wannan aiki da gaskiya.

Wata rana wani ya zo, saura kwana ɗaya a rufe, sunansa a takarda ɗaya Abubakar, a ɗayar Bubakar. Ya ce, "Malam, harafi guda na fa. Ɗan gyara kawai." Na ɗauki hoton takardar, na ƙara harafin a kwamfuta. Bai ɗauke ni minti biyar ba. Na gaya wa kaina cewa ban ƙirƙiri komai ba, sunansa ne na mayar masa. Bayan shi sai wanda shekarunsa suka haura iyakar da aka sa, na rage masa biyu. Sai takardar banki. Sai maki. Daga ƙarshe har takardar samun gurbi na buga wa mutum biyu daga jami'o'in da ba su taɓa jin sunansu ba, suka kai wa iyayensu. A duk tsawon wannan lokaci ban taɓa furta kalmar jabu ba, ko a zuciyata. Gyara nake cewa, masu zuwa ma haka suke cewa.

Malam aminin mahaifina ne. Yana koyar da Alƙur'ani a Gummi, yana kuma rubuta shi da hannu. Ina yaro na yi hutu biyu a gidansa. Ɗansa Lawali kuwa, Yaya yake kirana tun yana rarrafe. Yaro ne mai kaifin kai a lissafi, kuma burinsa ɗaya, ya karanci aikin injiniyan ruwa, domin ya tashi yana kallon shinkafar fadama tana nutsewa da damina, tana ƙonewa da rani. Da ya gama sakandare ya ga sanarwar wata jami'a da ke ba ɗaliban ƙasashen waje gurbi tare da tallafi. Ya hau mota ya zo Anka da takardunsa a cikin leda.

Sakamakonsa ya yi kyau ƙwarai a lissafi da darussan kimiyya. A Turanci kaɗai ya samu fas maimakon kiredit. Ya tambaye ni ko hakan zai hana. Na ce ya bar mini, ya je ya gaida Inna ya ci abinci. Ya miƙo kuɗin aiki, na ture hannunsa, na ce, "Kai, ɗan Malam zan karɓi kuɗi a hannunai? Tashi ka ba ni wuri." Ya yi dariya ya fita.

A nan dole in yi taka-tsantsan da gaskiya. Lawali bai roƙe ni in taɓa komai ba. Bai ga abin da na aika ba, domin lambar sirrin imel ɗinsa a hannuna take, kamar ta kowa da na buɗe wa. Ni kaɗai na dubi fas ɗin nan, na ga ya ɓata takarda mai kyau, na mayar da shi kiredit. Na tuna na ji daɗi a raina, irin daɗin wanda ya yi alheri a ɓoye.

Wasiƙa ta farko ta zo: an ba shi gurbi da tallafi. A ciki an ce zai yi shekarar farko yana koyon harshen ƙasar, domin ba da Turanci ake koyarwa ba. Ban tsaya a kan wannan layi ba a lokacin. Ta biyu ta zo da ranar da ake son ya isa. Ya yi fasfo. Mahaifiyarsa ta daka masa yaji da kuka, ta aika aka sayo masa rigar sanyi a gwanjo, mai kauri har yana kasa lanƙwasa hannu a ciki. Ya bi gida gida a Gummi yana sallama kamar yadda aka saba, tsofaffi suna sa masa albarka, wasu suna damƙa masa abin da ya sawwaƙa. Ya je har Gwashi wajen kawunnansa. Ya zo Anka, Inna ta ɗaure masa ƙuli-ƙuli, ta ƙara gyara.

Wasiƙa ta uku gajeriya ce. Jami'ar ta tuntuɓi hukumar jarrabawa, ta tarar takardar da aka aiko ba ta dace da ta asali ba. An janye gurbin, ba za a sake duba buƙatarsa ba, kuma an sanar da hukumomin da abin ya shafa. Ni na fara ganinta. Na rufe kwamfutar, ban gaya wa kowa ba. Bayan wasu makonni jami'an hukuma suka zo suka tafi da Lawali, domin sunansa ne a takardar.

Kwana huɗu yana tsare. Na sani tun ranar farko. Na buɗe shago a dukan kwanakin nan huɗu. An ce mini ya ƙi ambaton sunana, yana ta cewa Yayansa ba zai yi haka ba, kuskure ne daga can.

A rana ta biyar da hantsi Malam ya yi sallama a ƙofar shagona. Na shimfiɗa masa tabarma, ya ƙi zama. Ya ce, "Ɗana, ban zo faɗa ba. Tambaya guda ta kawo ni. Mi kay yi ma takardar yaron ga?"

Na ce, "Baba, ɗan gyara na yi mishi. Wallahi ban karɓi ko kwabo ba, kyauta niy yi."

Sannan ya faɗi maganar da na ce na riƙe kalma da kalma: "Innarka in za ta ƙara gyara, cikin ƙulinta take ɗiba. Kai cikin na wa kaɗ ɗiba?"

Ya ce in rufe shago in ɗauko kwamfutar. Ina so in rubuta cewa da kaina na miƙa wuya, amma ba haka aka yi ba. Malam ne ya zo ya tafi da ni, shi ya biya mini kuɗin mota. Muka wuce ƙasar Bukkuyum zuwa Gummi, inda ake tsare da Lawali, muna zaune kafaɗa da kafaɗa, yana jan carbi. A yammacin ranar aka saki Lawali. Muka haɗu a ƙofar ofishin hukuma, shi yana fita, ni ina shiga. Ya ce, "Yaya," ya tsaya.

A kwamfutar aka samu sauran takardun da na taɓa duka. Na amsa laifina a gaban alƙali, aka yanke mini shekara biyu. Da motar ta tsaya a ƙofar kurkuku na ji gandurobobi suna kiran wurin da sabon sunansa, gidan gyaran hali. Ba zan tsawaita a kan zaman can ba. Akwai yunwa, da ƙaiƙayi, da cunkoso, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da Inna ta zo ziyara, ta ce ta daina zuwa kasuwa, sai dai ta ba maƙwabciya ta sayar mata, domin ba ta iya haɗa ido da iyayen waɗanda na cuta. Ta ce, "Ni ban yi boko ba, amma ban taɓa rage ma kowa awo ba. Ina kas samo wanga hali?"

Da na fito, bayan na kwana biyu a gida, na tafi Gummi. Malam ya tsufa ƙwarai. Na durƙusa na nemi gafara. Ya sa aka ɗauko masa wata warƙa, wato falle guda, daga cikin rubutunsa na hannu, ya nuna mini inda ya taɓa tsallake kalma. Bai kankare layin ba. Ya sa alama a wurin, ya rubuta kalmar a gefe, inda duk mai karatu zai ga an yi kuskure, ya ga kuma an gyara. Ya ce haka malaminsa ya koya masa. Sannan ya ce ya yafe nasa haƙƙin, amma na Lawali sai in nemi Lawali.

Lawali ya bar Gummi. Mutanen da ya yi wa sallama sun yi ta tare shi a hanya suna cewa, "A'a, ba ka tahi ba?" Samari kuma suka laƙaba masa suna Ɗan Waje. Ya koma Gwashi wajen kawunsa, yana noma, yana kula da injin ban-ruwa. A can na same shi, hannunsa duk baƙin mai. Ya tarbe ni, ya kawo mini fura. Ya ce ya yafe mini tun ina tsare, kuma na gaskata shi. Na ce ya sake neman wata jami'ar, da hannunsa wannan karon. Ya ce duk fom ɗin da ya duba akwai layin da ke tambaya ko an taɓa janye wa mutum gurbi, kuma shi ba zai rubuta a'a ba.

Ku ƙannena masu neman tafiya karatu, ga abin da nake da shi. Ku cike takardunku da kanku, ko ku zauna kusa da mai cikewa har ya aika, ku ga kowane shafi da idonku. Kada ku bar lambar sirrin imel ɗinku a hannun kowa, ko da Yaya kuke ce masa. Idan sunanku ya saɓa, ku je kotu da wuri. Idan makinku ya gaza a wani darasi, ku rubuta wa jami'ar ku tambaya, amsa mafi muni da za ku samu ita ce a'a, kuma a'a ba ta bin mutum har abada. Wanda kuma Allah ya ba shi iya kwamfuta, duk ranar da aka ce masa harafi ɗaya ne kawai, ya tuna da ni. Na tuba ga Allah, ina kuma bin waɗanda na cuta ɗaya bayan ɗaya; akwai waɗanda suka ƙi ganina, kuma suna da gaskiya.

Saura abu ɗaya da ban iya tabbatarwa ba. Na koma na karanta sharuɗɗan jami'ar a natse. Sun nemi kiredit a lissafi da kimiyya, a fili. Game da Turanci sun ce ana iya neman shaidar ƙwarewa, ba su faɗi maki ba. Na rubuta musu sau biyu da sunana na gaskiya, na bayyana abin da na yi, na ce yaron bai sani ba. Ba su amsa ba, kuma ban san ko an karanta ba.

Da zan bar Gwashi, Lawali ya raka ni har inda masu babur ke tsayawa. Na hau, sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Yaya, don Allah gaya mani gaskiya. In da ka aika da tawa yadda take, da sun ɗauke ni?"

Na ce masa ban sani ba. Har yau ban sani ba. Da na bar takardarsa yadda take, da sun ɗauke shi?